Tunkiyar da Ta Yi Ta Jefar da Manaja

Ranar Litinin da safe, Auta bai ko gama ɗaure jakar littafinsa a bayan babur ba akawu ya leƙo ta taga ya ce Manaja na nemansa. Shekararsa tara yana karanta mitar ruwa a kamfanin, kuma sau biyu kacal ya taɓa shiga wannan ofis: ranar da aka ɗauke shi aiki, da ranar da aka kira shi aka yi masa gaisuwar mahaifinsa. Ya goge kan takalminsa da bayan wandonsa, ya ƙwanƙwasa.

Manaja bai ce ya zauna ba. Mutum ne mai jiki da ƙaramar murya, ranar ce kuma ya dawo daga hutun mako uku da likita ya ba shi bayan an yi masa aiki a gwiwa. Sandarsa na jingine da bango. A kan teburinsa ya jera takardu goma sha ɗaya, kowace ɗauke da hoton fuskar talabijin da aka ɗauka da waya.

Kallo ɗaya Auta ya gane abin da ke ciki. Gem ɗin nan ne, wasan bidiyo, da ya shiga ran 'yan ofis tun bara, wanda ya kwaso jarumai daga wasanni daban-daban da zanen yara ya zuba su fili ɗaya. Akwai mai takobin wuta, akwai mutumin ƙarfe, akwai ɗan sama jannati, har da mai sayar da balan-balan, kowa da irin dukansa, su yi ta kacamewa har sai an jefar da wani daga kan dandamali. Su takwas a ofis, har da Auta da Manaja, suka sayi na'urar, kowa ya haɗa tasa da talabijin ɗin gidansa, suka buɗe zaure nasu a intanet inda suke haɗuwa ranar hutu. Sunan Auta a zauren Mai Mita.

A kowane hoto akwai wata tunkiya mai tabarau tsaye a tsakiyar fili, an rubuta Mai Mita a saman kanta. A ƙasa kuma ga kwanan wata da lokaci. Manaja ya bi su ɗaya bayan ɗaya da bakin biro: Talata ƙarfe goma da minti ashirin, Laraba sha ɗaya saura, Alhamis goma da rabi. Da ya kai ƙarshe ya ɗago ya tambaye shi inda yake a waɗannan lokutan.

Auta ya ce yana bakin aiki, yallaɓai, yana layukan bayan tashar mota da sababbin gidajen da aka ƙara masa. Manaja ya ce haka littafinsa ma ya nuna, kuma nan matsalar take. Wannan na'ura ba a sa ta a aljihu, a jikin bango take a falon mutum. Ko dai mutum yana falonsa, ko yana kan titi yana ɗaga murfin mita. In kuwa yana falo, to lambobin da ke cikin littafin daga kansa suka fito. Bai sai ya tuna masa da mutum biyun da aka kora shekara biyu da suka wuce ba, waɗanda aka kama suna cika littafi a teburin mai shayi.

"Sau sittin da bakwai," in ji Manaja, muryarsa ta ƙara yin ƙasa. "Ina kwance da ƙafa a ɗaure, na ce bari in ɗan rage zaman kaɗaici. Sau sittin da bakwai kana jefar da ni. Da tunkiya."

Da ƙyar Auta ya haɗa magana ya ce wallahi wata biyu ke nan bai taɓa na'urar ba, tun da aka ƙara masa layuka yana isa gida ne a gajiye. Shi ko tunkiyar nan bai iya ta ba, ba wanda ke ɗaukarta, daga wani wasan saƙa na ƙananan yara aka jawo ta don a cika lissafi. Shi mai takobi yake ɗauka, kuma kowa ya sani a cikin su takwas bai taɓa wuce na shida ba. Manaja ya ce shi ma abin da ya ba shi mamaki ke nan. Wanda ya tashi daga na shida ya zama haka a wata biyu, lallai ya sami safiya da yawa da ba ya komai a cikinsu.

Ya miƙa masa takarda. An dakatar da shi daga yau. Ranar Alhamis fayil zai tafi hedikwata, sai dai in ya zo da hujja kafin nan.

A hanyar gida Auta ya tsallake kwanarsu sai da ya juyo. Kansa ya ɗaure tamau. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa da kowa ke kira Malama, wadda ke fita makaranta tun bakwai ba ta dawowa sai biyu da rabi, sai mahaifiyarsa. Ba wanda ke da makulli bayan su. Har ya fara tunanin ɓarawon da zai riƙa hawa bene hawa uku kullum, ya buga gem, ya fita bai ɗauki ko cokali ba. Ya ga tunanin ba ya da kai, ya koma zargin 'yan kutse, duk da bai san yadda ake kutsen ba.

Bai taɓa dawowa gida da hantsi a ranar aiki ba. Matattakalar shiru, sai ƙamshin sabulu daga gidan ƙasa inda ake wanki. Yana hawa na biyu ya ji ƙarar ƙararrawar nan da gem ɗin ke yi in an jefar da wani. Ya ƙarasa a hankali, ya murɗa makulli ba tare da ya bari ya yi ƙara ba.

Inna ce zaune a kan 'yar kujerar kicin, taku biyu tsakaninta da talabijin. Shekararta sittin da takwas. Wata takwas da suka wuce ɓarin jikinta na hagu ya ɗan shanye, shi ya sa Auta ya ɗauko ta ta dawo wurinsu, likitan gashin ƙashi kuma ya ba ta wata jar ƙwallon roba ya ce ta riƙa matsawa sau ɗari biyu kowace safiya. Ƙwallon na can ƙarƙashin tebur ta yi ƙura. Abin da ke hannun Inna shi ne abin dannawar, wanda 'yan gem ke kira hannu, ita kuwa rimot take ce masa. Tabaranta ya zamo kan hanci. Fuskarta a sake kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, amma yatsunta ba a ganinsu sosai don sauri.

A talabijin, tunkiya mai tabarau tana kan bayan wani jirgi da ke tafiya cikin gajimare, da allurar saƙa biyu da dunƙulen zare, mutum uku sun taru a kanta. Ta sunkuya takobi ya wuce ta samanta, ta wurga zare ya naɗe ƙafar ɗan sama jannati, ta juya shi sau ɗaya ta maka shi a ƙirjin mai takobin, su biyun suka tafi ƙasa tare. Na ukun ya juya zai gudu. Ta bi shi ba gaggawa, ta tsikare shi da allura a baya, ya bi 'yan'uwansa.

Auta na tsaye bakin ƙofa da takardar dakatarwa a hannu, baki sake, har ƙararrawa ta yi kaɗawa ta uku.

Sai a lokacin Inna ta waiwayo. Ta yi wuf ta tura rimot ƙarƙashin gefen zaninta, ta gyara ɗankwali.

"Auta, lafiya ka dawo yanzu?"

Ya zauna a hannun kujera yana kallon inda rimot ɗin ya yi tudu a ƙarƙashin zani. Da ta ga ba wurin ɓuya, ta fito da shi ta ajiye a cinya, ta fara bayani tana kallon ƙasa. Ƙwallon nan ta ishe ta, ta ce. Mutum ya zauna yana matsa roba yana ƙirga kamar wanda aka yi wa horo. Wata rana tana goge ƙura ta danna wani wuri, abin ya kawo wuta, ta yi ta danna babban maɓallin nan har faɗa ya fara. Makon farko duka kawai ta sha. Daga baya ta lura ashe abin tafireta ne. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga tafireta a ofishin lauyoyi, ta san kowane yatsa yana da gidansa, kuma duk wanda ke kallon yatsunsa bai iya ba tukuna. Yanzu ga shi hannun hagun yana riƙe kofi, yana sa maɓallin riga. Ba ta faɗa musu ba ne don kunya, mace mai shekarunta da wasan yara. Tunkiyar kuwa ta ɗauke ta ne don duk cikin taron ita kaɗai ta sa tufar mutunci, kuma ba ta riƙe makami ba.

Sai Auta ya tambaye ta.

"Inna, kin san da wa kike faɗa?"

"Da injin mana. Da wa kuwa?"

"Mutane ne, Inna."

Ta dube shi ta saman tabarau irin kallon da take yi masa yana yaro in ya ce ba shi ya sha madarar ba. Ta ce zane ne, tana ganinsu da idonta, wane mutum ne ke da kan balan-balan. Ya ce zanen dai zane ne, amma bayan kowane zane akwai mutum zaune a ɗakinsa, a wannan gari ko a wata ƙasa, riƙe da irin abin da ke cinyarta. Shi ya bar na'urar a haɗe da intanet ranar da ya buga na ƙarshe, babban maɓallin da take dannawa zauren 'yan ofis yake kai ta, in ba kowa a can ya haɗa ta da duk wanda ya samu. Rubutun da ke saman kawunansu sunayen mutanen ne. Ta ce ita ta ɗauka sunayen 'yan tsanan ne.

Ya karɓi rimot ya buɗe akwatin saƙo da ba ta san da shi ba. Saƙo ɗari da arba'in ba a karanta ba. Wani na roƙon a koya masa, wani na zagi da yaren da ba su sani ba amma ana ganin zagin a yawan alamomin, wani ya rantse satar hanya Mai Mita ke yi. Wani kuma ya rubuta cewa ƙanwarsa ce ke riƙe da hannun jiya, shekararta tara, ta yi kuka har ta ƙi cin abinci.

Inna ta sa ya sake karanta wannan na ƙarshen. Ta goge tafukanta a zani, a hankali, kamar ta taɓa wani abu mai maiƙo.

"Wancan na ƙarfen fa? Mai zuwa kullum da hantsi kwanakin baya?"

"Manajana ne."

Ta yi salati ƙasa-ƙasa. Ta ce ita har tausayinsa take ji, ta ɗauka wannan ɓangaren injin ne ya lalace, don kullum kuskure ɗaya yake maimaitawa ba ya koyo.

Sai ya miƙa mata takardar. Ta karanta ta da saurin wadda ta buga dubban irinta, ta koma farko ta sake.

Da Malama ta dawo aka faɗa mata, ta ajiye jakar littattafan ɗalibai ta yi dariya har ta zame ta zauna a ƙasa, tana cewa ashe duk wannan ladabin da take yi wa Inna tsira take nema ba ta sani ba. Sai da ta ga takardar dariyar ta tsaya. Ita ta ce Auta ya kira Manaja yanzu, kada a kwana.

Manaja ya saurare shi har ƙarshe bai katse shi ba. Sannan ya ce a shekarunsa na aiki ya ji uzuri iri-iri, akwai wanda ya binne kawu ɗaya sau uku, amma wannan sabo ne, ya yaba. Auta ya ce zai ɗauki bidiyo ya turo. Manaja ya ce bidiyo ba hujja ba ce, kowa zai iya zaunar da tsohuwa gaban talabijin ya laɓe bayan kujera da wani hannun. In dai da gaske yake, shi da kansa zai zo ranar Laraba bayan an tashi aiki, ya zauna kusa da ita su buga. Daga muryarsa Auta ya ji ba don ya yarda zai zo ba, zuwa zai yi ya ga iyakar ƙaryar.

Ya ajiye waya da ɗan sauƙi a ransa. Sauƙin bai daɗe ba, don Inna cewa ta yi ba za ta sake taɓa abin ba.

Ranar Talata ba ta fito falo ba. Kafin ta shige ɗaki ta rufe na'urar da tawul, har da rimot. Auta ya bi ta ya durƙusa bakin gado yana lallashi. Wasa ne, Inna, ba wanda ke jin ciwo, kowa ya shiga ya san ana jefar da mutum. Ta ce ita da ta haifi biyar ba ta taɓa ɗaga hannu ta mari ko ɗaya ba, sai da ta tsufa za ta zauna tana dukan 'ya'yan mutane kullum da safe kamar aikin albashi. In ba a jin ciwo, me ya sa yarinyar can ta ƙi cin abinci? In ba a jin ciwo, me ya sa babban mutum kamar Manaja ya zauna yana ƙirga faɗuwarsa har sittin da bakwai? Auta ya ce to shi fa, aikinsa fa. Ta ce ta je ta yi wa Manajan rantsuwa da bakinta, ai ita ba yarinya ba ce. Ya ce rantsuwar uwa a kan ɗanta ba ta shiga fayil.

Malama ce ta shiga da yamma da kofin shayi, ta tura ƙofa. Auta na falo yana jin muryoyinsu ƙasa-ƙasa, bai ji an ambaci gem ko sau ɗaya ba. Ya dai ji Malama na faɗin yadda yake dawowa da bayan wuya a ƙone da rana, da yadda kare ya taɓa yaga masa wando a gidan wani bai fasa komawa washegari ba. Da ta fito ta ce Inna ta ce za ta riƙe rimot. Abin da ta ce ke nan, za ta riƙe.

Laraba ƙarfe huɗu da rabi suka ji sanda na bugun matattakala, ɗaya bayan ɗaya, da hutu a kowane hawa. Da Manaja ya iso gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Inna ta fito gaishe shi, idonta ya sauka kan sandar da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa, Auta ya ga fuskarta ta canza. Ashe ma majinyaci take duka. Ta rasa inda za ta sa shi. Ta sa aka ba shi kujera mai laushi, ta kawo matashi da kanta ta sa masa ƙarƙashin ƙafa, ta yi masa sannu ta fi sau biyar, ta tambayi iyali da sunan likitansa. Manaja ya amsa da ladabi, yana ce mata Mama, yana satar kallon hannunta na hagu da ke kwance a cinya.

Ya ce Auta ya tsaya jikin taga inda zai riƙa ganin hannuwansa. Malama ta tsaya ƙofar kicin. Aka yaye tawul.

Manaja ya ɗauki mutumin ƙarfe, Inna ta ɗauki tunkiya. Fili ya buɗe a kan wata gada da ruwa ke gudu ƙarƙashinta. Mutumin ƙarfe ya taho da ƙarfi. Tunkiya ta ja baya, ta ƙara ja baya, ta tsaya. Ya kai mata naushi ta karɓa, ya ƙara ta karɓa, ya ɗauke ta ya jefa ruwa. Inna ta ce masa sannu da ƙoƙari.

Karo na biyu ma haka. A na uku mutumin ƙarfe ya yi tsalle ya zame, ya rage saura kaɗan ya faɗa da kansa, yana rataye da hannu ɗaya a bakin gada. Ko Malama da ba ta san gem ba ta ga dama ce. Tunkiya ta tsaya tana kallonsa har ya hau, sannan ta taka a hankali zuwa ɗaya gefen ta faɗa ruwa ba wanda ya taɓa ta.

Auta ya kira ta a hankali, ba ta waiwayo ba.

Manaja ya ajiye hannun gem a kan tebur. Ya gode wa Mama da shayi, ya yi mata fatan ƙarin lafiya, ya dogara sanda ya miƙe. Auta ya bi shi zuwa ƙofa yana yallaɓai, yallaɓai, wallahi kunyarka take ji. A bakin ƙofa Manaja ya juyo ya rage murya yadda yake zaton ba za ta kai falo ba. Ya ce da lalaci ne kawai, da ya nema masa sassauci, gargaɗi da sauyin layi. Amma mutumin da zai zaunar da mahaifiyarsa marar lafiya gaban baƙo ya ɗora mata ƙaryarsa, ba zai iya sa hannu a ci gaba da tura shi gidajen mutane ba.

"Manaja."

Su duka suka waiwaya. Inna ba ta tashi daga kujerarta ba.

"Dawo ka zauna, ɗan nan. Wanda kake magana a kai ni na raine shi. Yana da laifuffukansa, ba ya rufe man goge baki, ba ya cin abinci a kan lokaci. Amma ba ya ƙarya."

Manaja ya buɗe baki zai ba da haƙuri, ta nuna masa kujera da haɓa. Ya dawo ya zauna kamar ɗalibi. Ta cire tabaranta ta goge da gefen ɗankwali ta mayar.

"Ka yafe mini tun yanzu."

"Mama, ai ba komai."

"A'a. Ka ce ka yafe."

Ya ce ya yafe.

Abin da ya biyo baya bai kai minti ɗaya ba. Mutumin ƙarfe bai gama ɗaga hannu ba zare ya naɗe masa wuya, aka fizgo shi, allura biyu suka yi ta sauka a ƙirjinsa da sauri har ƙarar ta haɗe ta zama ɗaya. Ya yi tsalle hagu, ya tarar tunkiya ta riga shi isa tana jiransa. Ƙararrawa ta kaɗa. Manaja ya dubi talabijin, ya dubi hannuwan Auta da ke manne da ƙarfen taga, ya dubi na Inna.

Ya ce a sake. Aka sake. Wannan karon ya ƙanƙame wuri ɗaya ya kare kansa, ta tsaya nesa tana wurga masa dunƙulen zare ɗaya bayan ɗaya har kariyar ta fashe, ta zo ta ture shi da kai kamar mai rufe ƙofa. Ya canza jarumi ya ɗauki mai takobin wuta. Ta ƙwace takobin da zare, abin da Auta bai ma san ana yi ba, ta jefa shi ruwa, mai shi ya bi baya.

Tana bugawa tana yi masa magana, idonta a kan talabijin, muryarta irin ta mai ba jinya shawara. Duk sanda ya tsorata hagu yake tsalle, ta ce, tun ranar farko. Kuma yana danne maɓalli da ƙarfi kamar ƙarfin zai shiga cikin injin. Ya sassauta yatsu, ya daina kallonsu. Manaja ya ce to, Mama. Bai gama rufe baki ba ƙararrawa ta sake kaɗawa.

A karo na biyar bai nemi a sake ba. Ya zauna da hannun gem a cinya, gumi ya dawo masa sabo, yana kallon tsohuwar da ke gefensa kamar yanzu ta shigo ɗakin. Daga gidan ƙasa ana jin famfo na zuba a bokiti.

Inna ce ta fara motsi. Ta tambaye shi ko ta taɓa masa gwiwar. Ya ce a'a, Mama, gwiwa lafiya lau.

Ya miƙa wa Auta hannu ba tare da ya dube shi ba, ya ce ya ba shi takardar. Ya ɗora ta a kan tebur kusa da kofin shayi, ya ciro biro, ya rubuta an janye a ƙasanta, ya sa hannu da kwanan wata. Sa hannun ya karkace, ya sake bin sa. Ya ce gobe ƙarfe bakwai, kuma maganar da ya yi a bakin ƙofa ya janye ta ita ma, wannan ba ta buƙatar biro. Auta ya karɓa da hannu biyu. Ya so ya yi godiya mai tsawo, abin da ya fito kawai shi ne na gode, yallaɓai.

Ya raka shi har ƙasa, yana riƙe masa gwiwar hannu a kowane hawa. Manaja ya buɗe mota. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a ciki, ya ɗaga kai ya dubi tagar hawa na uku, ya tambayi shekarunta. Auta ya faɗa masa. Ya girgiza kai, ya shiga, ya daɗe bai tayar da motar ba.

Da Auta ya hawo, Malama na kwashe kofuna tana danne dariya da leɓe. Inna na nan inda ya bar ta, rimot a kan tebur nesa da ita, hannuwanta a haɗe.

"An gama, Inna. Gobe zan koma."

Ta gyaɗa kai. Ta ce ya duba mata a cikin injin, tunda komai yana rubutawa, mutum nawa ne duka. Ya ce ba sai an duba ba. Ta ce ya duba. Ya shiga inda ake ajiye tarihin wasa, ya gangara, ya ƙara gangarawa.

"Nawa?"

"Ɗari shida da goma sha biyu."

Malama ta tsaya da tire a hannu. Inna ta maimaita adadin a hankali, ta rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ta tambaya ko akwai yadda za a rubuta musu gaba ɗaya. Ya ce babu, sai dai ɗaya bayan ɗaya, kuma da wannan rimot ɗin harafi ɗaya-ɗaya ake tsinta. Ta ce ba komai, ai yau ba ya da aiki.

"Fara da mai ƙanwar nan. Ka gaishe shi, ka gaishe ta. Ka ce tsohuwa ce, ba ta san da mutum a ciki ba."